Aikatau da 'Yan Rakiyarsa: Inda Ake Gane Gwanin Turanci

Mai son ya gane wanda ya iya Turanci da gaske, kada ya ɓata lokaci a kan manyan kalmomin da mutum yake jefowa. Manyan kalmomi araha gare su. Duk wanda ya kwana da ƙamus zai iya wayar gari da guda goma a baki, ya je taro ya firgita jama'a da su. Abin da za a kasa wa kunne shi ne abin da ke biyo bayan aikatau, domin a nan ake yin ta. Kalmomin da ke tona asirin mai magana 'yan mitsi-mitsi ne, masu haruffa biyu zuwa huɗu: of, to, on, at, in, for, with, from. A ajin Turanci sunansu preposition. Ni a nan zan kira su 'yan rakiya, saboda aikatau na Turanci ba kasafai yake fita shi kaɗai ba, kuma kowanne yana da waɗanda ya yarda su bi bayansa, yana da waɗanda ko hanya ba ya haɗawa da su. Wani ma ba ya son rakiyar kowa, in ka liƙa masa ka ɓata jimlar.

Labarin kotu ya fi komai nuna wannan. A ce mutum guda ne, an ce ya saci babur. Tun ana raɗe-raɗi a unguwa, Bature zai ce “they suspected him of theft”. Da mai babur ya fito fili ya nuna shi da yatsa, sai a ce “he accused him of theft”. To, ranar da 'yan sanda suka gurfanar da shi gaban alƙali, sai ɗan rakiya ya sauya ba ko sallama: “he was charged with theft”. In ya amsa laifinsa, “pleaded guilty to” ne. In kotu ta same shi da laifi, an koma gidan jiya, “convicted of”. Hukunci kuwa “sentenced to two years”. In bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara, a Ingila “appealed against the sentence” za a rubuta, in kuma kotun sama ta wanke shi, “cleared of”. Daga nan dangi su ɗora wa lauyan farko laifi, nan ma hanya biyu ce: ko “they blamed the lawyer for it”, ko “they blamed it on the lawyer”. Wanda aka sa a gaba, mutumin ko abin da ya faru, shi ke zaɓar wanda zai biyo baya. Magana ɗaya ke nan, ta sata da shari'a, amma sai da ta bi ta hannun 'yan rakiya shida, kuma mai ɗauko rahoton kotu da ya san aikinsa zai zuba su a jere ba tare da ya ɗaga biro ya yi tunani ba.

Duba inda Bahaushe yake tuntuɓe. A wurinmu duk “da” suke ɗauka: an zarge shi da sata, an tuhume shi da sata, an same shi da laifi. Hannu kuwa abin da baki ya saba yake bi, sai ka ga mutum ya rubuta “accused with” da zuciya ɗaya. Nahawun gida ne ya yi rinjaye, kuma haka yake yi wa kowace al'umma da ke koyon harshen wata.

Kafin mu ce Turawa sun cika son wahalar da mutane, mu waiwayi namu. Bahaushe yana cin bashi, yana cin amana, yana cin jarrabawa, yana cin sarauta, yana cin kasuwa. Amma kaye shansa yake yi, haka iska, haka mamaki. Yana kashe kuɗi, yana kashe aure, yana kashe fitila. Yana yanke hukunci, yana yanke ƙauna. Je ka tambayi tsohuwa dalilin da ya sa ake shan kaye ba a cinsa, za ta dube ka ta ce haka ake faɗa, kuma gaskiyarta. In baƙo ya ce ya ci mamaki, ɗan shekara shida ma sai ya yi dariya, alhali in ka ce ya kawo ƙa'ida ba zai iya ba. Wannan kunne da kowannenmu ya samu kyauta a harshen da aka goya shi da shi, irinsa gwanin Turanci ya ƙera wa kansa da guminsa a harshen da sai da ya shiga aji ya fara jinsa. Abin da ke sa ni ganin girman gwanintar ke nan.

Turanci bai tashi da wannan hali ba. Shekara dubu da suka wuce, ƙarshen suna yakan canza ya nuna ko shi ne ya yi aikin, ko shi aka yi wa, ko abin nasa ne, kusan yadda i'irabi yake yi a Larabci. Sannu a hankali waɗannan alamomi suka zube, nauyin ya koma kan jerin kalmomi da kan 'yan rakiya. Bayan 1066, da Normawa suka ci Ingila da yaƙi, dubban kalmomin Faransanci suka kwararo, na Latin suka biyo baya, kuma ba kowace ce ta riƙe ɗan rakiyar da ta baro a gida ba. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, waɗanda suka fara da Faransanci, sun fi kowa sanin zafin wannan. “Dépendre” da “depend” tushensu ɗaya, amma na Faransa “de” yake ɗauka, na Ingila “on”. “Obéir” sai da “à”, “obey” kuwa ba ya son kowa. Sai kuma a juya: “attendre” da “écouter” da “chercher” su kaɗai suke tafiya, amma mutumin Ingila sai ya ce “wait for”, “listen to”, “look for”.

Akwai wani rukuni da ya fi wannan daɗin kallo, inda aikatau yake jawo suna, sunan kuma ya jawo ɗan rakiya, su ukun su dunƙule su zama abu guda: “take care of”, “pay attention to”, “make use of”, “take part in”, “give rise to”, “keep pace with”, “find fault with”, “lose sight of”. A irin waɗannan aikatau kusan fanko ne. Wanda aka ce ya “pay attention” bai biya ko sisi ba, mai “take part” bai ɗauki komai ba. Ma'anar tana cikin sunan, shi aikatau lokaci kawai yake nunawa, yadda “yi” yake mana aiki a yin magana da yin barci da yin haƙuri. Bambancin shi ne mu “yi” ɗaya ya ɗauke mana yawancin nauyin, su kuwa sun raba shi tsakanin make da do da take da give da have da pay, kuma ba a ba wa wani kason wani. Kuskure na “make” ne, aikin gida na makaranta na “do” ne, ziyara ta “pay” ce, shawara in za a bayar ta “give” ce, in za a karɓa ta “take”.

Sai ka matso kusa za ka ga ƙananan abubuwan da gwani yake riƙe da su a ka. “Set fire to” ba ya ɗaukar “a”, amma “put an end to” ba ya yiwuwa sai da “an”. Ana cewa “make fun of” haka kawai, amma “make a fool of” sai da “a”. “Keep an eye on” ido ɗaya ne, ko da mai tsaron idanunsa biyu lafiya lau. “Make friends with” jam'i ne ko da abokin guda ɗaya ne. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne maganar alfahari: “take pride in”, “be proud of”, “pride oneself on”. Tushe ɗaya, ma'ana kusan ɗaya, 'yan rakiya uku, kuma in ka musanya su kowane mai kunne zai ji. Sannan gwani yana iya buɗe tsakiyar jerin ya saka sifa, ita ma sifar ba kowace ba: kulawa “good care”, sauraro “close attention”, cin moriya “full advantage”. Ba a cewa “near attention”, duk da “near” da “close” a ƙamus 'yan gida ɗaya ne. Yana kuma iya juya jimlar baki ɗaya ya ce “no attention was paid to the warning”, ko “she was taken advantage of”, ya bar ɗan rakiya a ƙarshe yana reto. Tsofaffin malamai da dama sun hana wannan, hanin kuma ya samo asali tun 1672, lokacin da mawaƙin Ingila John Dryden ya soki ƙare jimla da irin waɗannan kalmomi. Turawa dai ba su taɓa dainawa ba, kuma a ganina sun yi daidai, domin ƙa'idar daga Latin aka aro ta aka ɗora wa harshen da ba nata ba.

Wanda ya taɓa zama kusa da tsohon edita a ofishin jarida, ko tsohon malamin Turanci yana duba takardun 'yan ajin ƙarshe, ya ga wannan gwaninta ido da ido. Yaro ya kawo rahoton taro, shafi ɗaya. Dattijon ya gyara tabarau, jan biro yana bin layi, yana ɗan tsayawa a bayan kowane aikatau. “The committee discussed about the budget.” Ya soke “about”. “The chairman emphasized on unity.” “On” ta tafi. “They requested for more time.” “For” ta bi sahu. Da ya zo kan “the governor replied the letter”, a nan ƙari ya yi, ya saƙala 'yar “to” a saman layi. “Congratulated him for his victory” ya mai da ita “on”. A kan “thieves robbed her phone” ya fi daɗewa, domin a nan ginin ne ya karkace: “rob” mutum ko wuri yake kamawa, “steal” kuma kaya. Ko dai a ce “stole her phone”, ko a ce “robbed her of her phone”. Ya gama shafin bai taɓa babbar kalma ko ɗaya ba, abin da ya cire da wanda ya ƙara bai kai kalma goma ba, amma rubutun ya miƙe tsaf.

“Yallaɓai, mene ne laifin discuss about? Ai kowa haka yake faɗa.”

“Ɗana, ce a discussion about the budget in ji. Ka ji ya zauna? To, about ɗin ta sunan ce. Aikatau bai ce a ara masa ba.”

Amsar dattijon ta taɓo tushen kurakurai masu yawa. Sunan yana da ɗan rakiya, aikatau ɗin da suke uwa ɗaya ba shi da shi. Ana cewa “lay emphasis on”, “make a request for”, “place an order for”, “a demand for”, duk daidai ne. Kunne ya saba jin “emphasis” da “on” a manne, to da baki ya zo furta “emphasize” sai “on” ta biyo da kanta. Ga kuma maƙwabta suna ƙara zuga: “talk about” yana nan kusa da “discuss”, “ask for” yana kusa da “request”, “insist on” yana kusa da “emphasize”. Kuskure ne mai dalili, shi ya sa ba a Najeriya kaɗai ake jinsa ba, ana jin “discuss about” a Indiya da Singafo ma. Gwani shi ne wanda ya raba wa suna kayansa, ya raba wa aikatau nasa, bai bari sun cakuɗe ba.

Abin mamaki, waɗanda suka fara zama suka tattara wannan ilimi don a iya koyar da shi ba a Landan ko Oxford suka yi aikin ba. A Japan suka yi shi. Dalilin kuwa a fili yake: ɗan gida ba ya ganin wahalar abin da ya sha a nono, sai wanda ya tsaya gaban ɗalibai baƙi yana kallon inda suke faɗuwa. Harold Palmer, haifaffen Landan a 1877, ya fara koyar da Turanci a garin Verviers na Beljiyam, Yaƙin Duniya na Ɗaya ya koro shi gida, ya koyar a University College da ke Landan. A 1922 ya tafi Japan a matsayin mai ba ma'aikatar ilimi shawara, a 1923 kuma aka kafa cibiyar binciken koyar da Turanci a Tokyo, shi ne shugabanta. Shi kuwa A. S. Hornby, haifaffen Chester a 1898, yana saurayi ya je garin Oita da niyyar koyar da adabi, sai ya tarar abin da ɗalibansa suka fi bukata shi ne harshen kansa. Palmer ya jawo shi cikin binciken. A 1933 cibiyar ta fitar da rahoto a kan kalmomin Turanci masu tafiya tare, wanda ya jera kusan 4,000, an kasa su gida-gida: ga na aikatau da suna, ga na aikatau da suna da ɗan rakiya, da sauransu. Matsayin Palmer shi ne irin waɗannan dole a koye su a dunƙule, domin ba za ka tsinto gutsattsarinsu ɗaya-ɗaya ka harhaɗa su fito daidai ba.

Da Palmer ya bar Japan a 1936, Hornby ya ci gaba, shi da E. V. Gatenby da H. Wakefield, suka duƙufa a kan wani sabon irin ƙamus. Ƙamusoshin da ake da su a lokacin don Turawa aka yi su, mai karatu ya ci karo da baƙuwar kalma ya duba ma'anarta ya wuce. Hornby ya lura cewa ɗalibi baƙo matsalarsa ta fi yawa a lokacin da zai rubuta. Ya san ma'anar “explain” sarai, abin da bai sani ba shi ne ba a cewa “explain me the matter”, sai “explain the matter to me”, alhali “tell me the matter” ginin ya halatta. Don haka aka kasa ginin aikatau gida 25, aka ba kowane gida lamba, kowane aikatau a ƙamus aka rubuta masa lambobin gidajen da yake shiga. Aka kuma sa alamar C da U a jikin sunaye don a san wanda ake ƙirgawa da wanda ba a ƙirgawa, abin da ke hana mutum rubuta “an advice” ko “informations”. Kamfanin Kaitakusha ya buga littafin a Tokyo a 1942, ana tsakiyar yaƙi tsakanin Japan da Birtaniya, a shekarar da aka mai da Hornby gida cikin musayar 'yan ƙasa. A 1948 maɗaba'ar Oxford ta sake buga shi, kuma shi ne kakan Oxford Advanced Learner's Dictionary ɗin nan da kusan duk wanda ya yi sakandare a ƙasar nan ya taɓa gani, ko a teburin malami ko a akwatin yayansa. A 1954 Hornby ya ƙara da A Guide to Patterns and Usage in English, littafi guda a kan ginin kawai.

Lambobin fa sun wahalar da mutane, ba a ɓoye wannan. Mai bugun ƙamus ɗin na 1974 zai tuna irin su VP6A a gaban kalma, sai ka sa yatsa a shafin, ka koma wani wuri ka nemo abin da lambar take nufi, kafin ka dawo ka manta abin da ya kai ka. Ɗalibai da yawa tsallake su kawai suke yi. Bugun 1989 ya sauya su da haruffa, waɗanda suka biyo baya kuma suka koma rubuta ginin a fili, irin “accuse sb of sth”, inda sb yake nufin wani mutum, sth kuma wani abu. Wannan ɗan gajeren layi da ido ke tsallakewa a guje don ya kai ga ma'ana, shi ne mafi tsada a duk bayanin kalmar.

Mataki na gaba kwamfuta ce ta kawo shi. A 1980 John Sinclair ya fara wani aiki a Jami'ar Birmingham tare da kamfanin Collins, wanda aka sani da COBUILD. Suka zuba miliyoyin kalmomi na littattafai da jaridu da hirarraki a na'ura, ta riƙa fito musu da kowace kalma a tsakiyar layi, ɗaruruwan layuka a jere, abin da ya gabace ta a hagu, abin da ya biyo ta a dama. Mai bincike ya daina tambayar kansa yadda ake faɗa, ya koma bin shafi da ido daga sama zuwa ƙasa yana ganin abin da ke maimaituwa. Ƙamus ɗinsu ya fito a 1987. Sun gano abubuwan da ɗan harshe yake yi bai san yana yi ba, misali Sinclair ya nuna cewa “set in” kusan kullum da abin ƙi yake tafiya, irin su ruɓa da lalacewa. A 1996 Gill Francis da Susan Hunston da Elizabeth Manning suka fitar da babban kundi a kan ginin aikatau kaɗai, kuma abin da ya fito daga cikinsa shi ne ya fi komai amfani ga mai koyo: aikatau masu ɗaukar gini iri ɗaya, galibi ma'anarsu ma dangin juna ce.

Nan ne asirin gwani yake, ko ya taɓa jin sunan Birmingham ko bai taɓa ba. Ba haddar dubban jimloli warwatse ya yi ba, dangi-dangi ya san su. Ɗauki aikatau da mutum da “of”. Ga dangin raba mutum da abu: rob, deprive, strip, relieve, rid, har da cure, domin warkarwa ma raba mutum da cuta ce. Ga dangin sanarwa: inform, remind, warn, notify, assure, convince. Ga dangin zargi: accuse, suspect, convict. Koma kan “with”, za ka tarar da dangin ba wa mutum abu ko ɗora masa: provide, supply, equip, present, load, burden, entrust. A nan ne ma “charge” ɗin kotu ya samu gurbinsa, domin asalinsa a tsohon Faransanci ɗora kaya yake nufi, shi ya sa ya bi 'yan'uwansa masu “with” ya bar “accuse” da “of” ɗinsa. “From” ta tara dangin hani da kariya: prevent, stop, discourage, ban, protect. “Into” kuwa ta masu tura mutum ya yi abin da bai yi niyya ba ce: “talk him into signing”, haka trick, haka force, haka bully, kuma in za a fitar da shi daga niyyar sai a ce “talk him out of it”. Wanda ya san dangin, ranar da ya gamu da baƙon aikatau irin “divest” ko “dissuade”, da ya ji ma'anarsa zai iya cankar ɗan rakiyarsa, kuma yawanci ya dace. Yawanci na ce, domin kowane dangi yana da bauɗaɗɗe: “prohibit” yana bin “from”, amma “forbid” ya fi sabawa da “to”.

Wani lokaci ma ba maganar daidai da kuskure ba ce, duka biyun Turanci ne, amma ma'anar ta yi hannun riga. “He threw the ball to me” wasa ne, na cafe. “He threw the ball at me” jifa ne, na kauce. Haka “shout to” kiran na nesa ne, “shout at” tsawa ce. “The police searched him” sun laluba aljihunsa, “searched for him” kuwa nemansa suke ruwa a jallo, ba su gan shi ba tukuna. “Result in” yana nuna abin da aka haifar, “result from” yana nuna abin da ya haifar, in mai rubuta rahoton asibiti ya musanya su ya mai da cuta magani ke nan. “Hear from” saƙonsa ya iso ka, “hear of” labarinsa kawai ka ji. Mutum kake “agree with”, tayi ko sharaɗi kake “agree to”, abin da aka zauna aka daidaita a kansa kuma “agree on”. Tafinta a kotu ko mai fassara labarai a gidan rediyo, a irin waɗannan wurare ake gane ko ya ci albashinsa.

Yadda ake samun wannan kunne ba ɓoyayye ba ne, tsawo ne da shi kawai. Duk gwanin da ka bincika za ka tarar mai yawan karatu ne, kuma mai karatu da ido biyu, ɗaya a kan labarin, ɗaya a kan ginin. In yana da littafin rubuta sababbin kalmomi, ba za ka ga “deprive” ita kaɗai da fassararta a gefe ba, za ka ga jimla sukutum da mutum a ciki da “of” ɗinta. In ya buɗe ƙamus, misalan yake karantawa, wani lokaci a bayyane, don harshe ya saba.

Gwanin ƙwarai kuma ya san ƙasar tana motsi a ƙarƙashinsa. Ba'amurke yana cewa “write me”, mutumin Ingila “write to me”. A Amurka ana “appeal the sentence” ana “protest the decision” ba tare da “against” ba. Su kuma 'yan Ingila suna cewa “agree a price”, abin da kunnen Ba'amurke ba ya karɓa. Turancin Najeriya ma yana da nasa, wanda David Jowitt, da ya daɗe yana koyarwa a jami'o'in ƙasar nan ciki har da Bayero da Jos, ya yi wa littafi a 1991. A Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi da salon magana 29 daga Najeriya, cikinsu har da Kannywood, da “rub minds”, da “eat money”, wanda duk Bahaushe zai gane cin kuɗi ne ya sa kwat. Ni ban ga abin kunya a waɗannan ba, harshe na masu amfani da shi ne. Amma mai duba takardar WAEC ko IELTS ba zai yafe “discuss about” ba, mujallar kimiyya ta ƙasa da ƙasa ma haka, kuma zalunci ne a ce wa yaro komai daidai ne sannan a tura shi ɗakin jarrabawa. Ana so ya san duka biyun, ya san kuma wa yake rubuta wa.

Su ma 'yan harshen ba su tsira daga jan maƙwabta ba. “Comprise” a asali ba ya son rakiya, ana cewa “the country comprises thirty-six states”. Amma yana zaune tsakanin “consist of” da “be composed of”, sun yi ta jansa har “is comprised of” ya cika rubuce-rubucen Turawa kansu. Masu tsaurin ra'ayi a cikinsu har gobe suna soke shi, ƙamusoshin ɗalibai na yanzu kuwa sun buɗe masa ƙofa. “Comprises of” dai, wanda ya fi yawa a takardunmu na ofis, har yanzu ba a karɓe shi ba.